Tsagar Gobir a Fuskar Burodin Kaka

Da liman ya sallame sallar asuba a masallacin lungunmu na unguwar Manfuha da ke birnin Riyad, Baba Saidou ne farkon mai zura takalmi. Ba ya tsayawa dogon gaishe-gaishe. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka girman kai ne, alhali kwaɓi ne ya bari a rufe yana kumbura, kuma kwaɓi ba ya jiran hirar kowa. Zai bi ta bayan shagon Bayamanen nan mai sayar da wake, ya ɗaga ƙofar gidan burodin, ya kunna tanderu, ya ɗaura tsohon zanensa a ƙugu. Kafin motocin kamfani su zo kwasar leburori, ƙamshi ya riga ya cika layin. Haka yake yi shekara ashirin da ɗoriya, ba Juma'a ba Sallah.

Ga wanda bai san shi ba: mutumin Tibiri ne ta jihar Maraɗi, Bagobiri, dogo, mai furfurar gemu, da tsagar Gobirawa raɗau a kumatunsa, ta taso daga gefen baki ta bazu zuwa kunne. Yana da faɗa, ban ɓoye muku ba. Idan ka taɓa burodi da hannu kana zaɓe, sai ya ce, “Kai, matar aure ka zo nema? Ɗauki wanda ka taɓa ka ba ni wuri.” Ni Tamimu da nake wannan rubutu na sha irin wannan tsawa tun ina sabon ɗalibi a jami'a, ban san ko hanyar kasuwar Batha ba.

Yau dai na ɗauki alƙalami ne don in jinjina masa, domin kwanakinsa a Riyad sun ƙare, an buga masa bizar fita ta ƙarshe. Amma ku yi mini haƙuri, jinjinar nan da fushi na zo da ita. Mutumin nan ya ƙirƙiri abu da hannunsa, an karɓe abin, an goge sunansa, an liƙa wa wata tsohuwa da ba a taɓa haifa ba. Idan ya hau jirgi ba wanda ya faɗi gaskiyar, shi ke nan an binne ta.

Bari in fara da burodin.

Yawancin shekara kubus yake gasawa, farin burodin nan mai faɗi da kowa ke ci a garin nan, wanda kafin azahar cikinka ya manta ka ci shi. Amma idan zafin Riyad ya fara karyewa, Larabawa suka fara cewa tauraron Suhail ya fito, sabon dabino ya cika kasuwa, to lokacin ne Baba Saidou ke sauya hannu. Sai ya auno garin alkama da ba a tankaɗe dusarsa ba, wanda ake kira burr a nan. Ya samo gero ya soya shi sama-sama a busasshen kasko har sai ya yi ƙamshin tumu, sannan a niƙa. Ya cire ƙwallon dabino ya yayyanka, ya jiƙa zabibi, ya soya gyaɗa ya murje ɓawonta ya daddaka ba luƙui ba, ya zuba riɗi, citta kaɗan, kanumfari kaɗan. Ya kwaɓa da hannu, don ya ce inji ba ya jin lokacin da kwaɓi ya ƙoshi da ruwa. Idan ya tashi, ya mulmula shi dunƙule-dunƙule, ya ɗauki reza ya tsattsaga fuskar kowane ɗaya, ya zura a wuta. Abin da ke fitowa burodi ne mai nauyi, ja-ja-ja, wanda leburan da ya ci rabi da shayi zai kai la'asar bai waiwayi abinci ba.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya yin sa duk shekara, tunda mutane na rububi.

Ya ce, “Kai yaro, ana yankan gero da bazara a garinku? Wanga burodin kaka ne. Tun da na zo ƙasar ga ban ga kaka ba. Duk hutun da aka ba ni da rani ne, in tarar da gona ƙwal. To in can ana ɗaure dami ana gasa tumu, ni ma nan sai in yi tawa kakar.”

Kun ji asalin sunan. Kaka ta amfanin gona yake nufi, lokacin girbi, lokacin da rumbu ke cika. Ku riƙe wannan, domin a kan kalmar nan aka yi masa fashi.

Kafin in zo kan fashin, ku ji abin da idon mutane ya gani. A ƙarshen 2013, lokacin da aka tsananta kamen waɗanda iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ba ta daidaita ba, Manfuha ta zama abin tsoro. Wanda ke nan a lokacin ba sai na ba shi labari ba. Idrisu, wani magini mutumin Damagaram, suna cunkushe shi da 'yan ɗakinsu a wani bene, ba mai iya leƙo ƙofa ko don sayen gishiri. Idrisu da bakinsa ya ce mini: “Malam, ranar da abincinmu ya ƙare, bayan hantsi muka ji ana buga ƙofa. Kowa ya sha jinin jikinsa. Sai muka ji murya: ‘Ku buɗe, matsorata, ni ne!’ Ga Baba da buhun fulawa a kafaɗa, cike da burodin kaka. Ya ce wannan ba ya lalacewa da wuri, mu ci a hankali. Ya ajiye ya juya, ko zama bai yi ba.” Ba ɗakin su Idrisu kaɗai ba. Har Habashawan da ke ƙasan benen, waɗanda ba su jin Hausa shi ba ya jin yarensu, sun ci. Kayan haɗin kuma daga guminsa ya saya, bai taɓa garin mai gida ba.

Kai ne ka yi wannan, Baba Saidou. Kai ne ka ratsa titin da samari majiya ƙarfi suka kasa ratsawa, da iƙamarka a aljihu da buhu a kafaɗa, kana zagin waɗanda kake ciyarwa don kada su yi maka godiya. Mu ɗalibai ma mun san ka. Wane ne cikinmu bai zo maka da kewar gida a fuska ba, ka yanko masa gefe mai zafi ka ce, “Ci, ka daina kumbura fuska kamar an hana ka gado”? Gagara-gasa na Tibiri, wutar tanderu ta cinye gashin hannunka, ba ta ci zuciyarka ba.

Tsohon kafilinsa, wato mai gidan burodin da ya ɗauko shi aiki, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Shi yakan zauna bakin shago ya ci burodin nan da gahawa, ya ce wa abokansa, “Wannan aikin Sa'idu ne.” Da ya rasu, ɗansa Shakir ya gaji shagon, ya gaji takardun Baba. Shakir ɗin da Baba ya sha ɗauka a wuya yana yaro, yana cusa masa dabino a baki. Ya girma ya yi karatu, ya dawo da dabarun kasuwa cike da kai.

Wata rana Shakir ya ji masu saye suna ta cewa “kaka, kaka”, sai ya tambayi direbansa Maulud ma'anar kalmar. Maulud Bahaushe ne, amma a unguwar Al-Oud aka haife shi, a nan ya girma, har ya yi aure bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Larabcinsa ya fi Hausarsa nesa ba kusa ba. Bai taɓa ganin zangarniyar gero a tsaye ba, balle dami. Kaka ɗaya ya sani a duniya, wadda ta haifi uwarsa. Sai ya ce, “Kaka ya'ani jadda.” Wato tsohuwa mai jikoki.

Ban ga laifin Maulud ba, wallahi. Abin da ya sani ya faɗa. Shi kansa da ya gane abin da ya biyo baya, ya zo har bakin tanderu yana cewa, “Baba, samihni, ka yafe mini, ban san akwai wata kaka ba.” Baba ya ce masa, “Ina za ka sani, ɗan nan? Kakarka ta nan cikin leda take zuwa daga kanti.” Laifin na wanda ya ji kuskure ya ga riba a ciki, ya rungume shi ne.

Idrisu ne ya fara gani, domin a lokacin yana aikin gini a Dir'iyya, tsohon garin nan na bakin Riyad da ake ta gyarawa don masu yawon buɗe ido. Ya same ni bayan sallar Juma'a, ya ce, “Malam Tamimu, taso ka ga kakar Baba Saidou.” Na ɗauka wasa yake. Muka je. Ga shago sabo fil, fitilu, kujerun katako, mutane na ɗaukar hoto da waya. A saman ƙofa an rubuta Khubzul Jadda, wato burodin kaka mai jikoki. An zana wata tsohuwa da lulluɓi tana murmushi. A jikin kowace leda an buga labari: wai kakar Shakir ce ke gasa wannan burodi a gidan ƙasa na Dir'iyya tun zamanin da, wai sirri ne na zuri'a da aka gada hannu da hannu.

Tirƙashi! Na ɗauki burodin na shinshina. Ƙamshin tumu ya bugi hancina. Ina kakar Shakir ta san tumu? A wace gonar Dir'iyya ta tuge gyaɗa? Na tambayi yaron shagon, wannan tsage-tsagen na fuskar burodin fa? Ya ce, da fara'arsa, ai zanen ganyen dabino ne, haka kakar ke yi don tunawa da lambun mijinta. Har da miji aka yi mata! Ƙarya ta samu gida ta haifi 'ya'ya. Na fito, Idrisu yana riƙe da hannuna kada in yi abin da zai ja mini kora daga jami'a.

Kullum da safe motar Maulud ke kwasar burodin daga Manfuha ta kai can. Baba ne ke gasawa, yanzu rani da damina, don Shakir ya ce kaka ba ta da lokaci. Mutumin da ya ware wa kansa 'yan makonni a shekara don ya tuna gida, an mayar masa da tunawar aikin dole. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Baba bai yi shiru ba, kada ku ɗauka waliyyi ne marar baki. Maulud yana wurin ranar da ya tari Shakir, shi ya ba ni labari. Ya ce masa, “Ya waladi, ɗana, ban ce ka cire tsohuwarka ba. Ka bar ta ta yi ta murmushi. Amma a ƙasan ledar, ko da ƙananan baƙi, ka sa: aikin Saidou. Jikokina su san abin da ya hana ni ganinsu.”

Shakir ya dafa kafaɗarsa yana dariya. “Ya ammi, kai ma ka san kasuwa. Labarin kaka shi ke sayar da kaya. Wa zai zo Dir'iyya ya sayi burodin Sa'idu?”

Ku ji fa. Wa zai sayi burodin Sa'idu! To na wa suke saye? Na wa suke layi a kai suna ɗora hotonsa a waya? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya kira shi ammi, wato baffa, da bakin da ya hana shi sunansa. Ni da a zage ni kai tsaye ya fi mini irin wannan ladabi.

Bana idon Baba ya fara hazo, zafin wuta na shekaru ya taɓa shi, hannunsa na dama kuma yana sagewa idan ya daɗe yana kwaɓi. Shakir ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, ya tsufa, ya je ya huta. An ci moriyar ganga. Amma kafin a buga masa fita, sai ya koya wa sabon ma'aikaci, wani bawan Allah ɗan Bangaladash, yadda ake burodin daga farko har ƙarshe.

Da muka ji haka muka taru muka same shi bayan la'asar, ni da Idrisu da wasu. Idrisu ya ce, “Baba, ga dama ta samu. Ka ɓoye masa suyar geron. Ka ce a zuba gyaɗa ɗanya. Wata biyu shagon ya mutu, mu ga ko kakar za ta taso daga kabari ta gyara.” Ni ma na goyi baya, kuma har yanzu da nake rubutun nan wani ɓangare na zuciyata bai sauka daga kan wannan shawara ba.

Baba ya ajiye kofin shayinsa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Ku mi kuke so in zama? Abinci ne fa. Wanda zai saya ya kai ma ɗiyansa, shi ya yi mini laifi? Shi wanga yaro da aka kawo, in burodi ya lalace wa za a kora, Shakir ko shi? Yana da uwa can garinsu tana jiran abin da zai aiko. In zalunce shi don an zalunce ni? Ku tashi ku ba ni wuri, malaman banza.”

Muka tashi sumui-sumui. Ya koya wa mutumin nan komai. Yadda ake gane gero ya soyu da hanci ba da ido ba. Yadda ake jiƙa zabibi kada ya sha ruwan kwaɓi. Yadda ake barin burodi ya huce kafin a sa a leda. Ya riƙe hannunsa ya nuna masa riƙon reza, ya sa shi ya maimaita tsagar nan har sai da ta zauna masa a hannu. Ni kuwa ina gefe ina cizon yatsa, ina ganin an kwashe komai an bar tsoho da hazo a ido.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi masa taron sallama a ɗakin su Idrisu, ɗakin nan dai da ya taɓa kai wa buhu. Ya zo da burodin kaka na ƙarshe da ya gasa da hannunsa. Aka yi addu'a, aka fara yanka. Na kasa haƙuri na ce, “Baba, ni dai raina bai so ba. Za ka tafi, ko harafi ɗaya na sunanka babu a jikin abin nan.”

Ya ce, “Miƙo guda.”

Na miƙa masa. Ya ɗaga shi ya kara a kumatunsa, ya juyo da fuskarsa wajen taga inda haske yake. “Duba da kyau, kai mai karatu.”

Muka matso muka duba. Tsagar da ke fuskar burodin, wadda ta taso daga gefe guda ta bazu, ita ce tsagar da ke kumatunsa, layi bisa layi. Shekara da shekaru muna ci, ba wanda ya lura. Idrisu ya yi salati. Maulud ya rufe baki da hannu.

“Ganyen dabino, ko?” in ji Baba. “Wanzamin Tibiri ya yi mini wanga ganyen dabino ina jinjiri. Tun burodin farko nake sa ta. Na ce ma sabon yaron nan, burodi sai an tsaga shi yake numfashi cikin wuta, kuma gaskiya ne, ban yi ƙarya ba. Ban dai ce mishi akwai wata irin tsaga ba bayan wagga.”

Aka fashe da dariya, har da masu share ido. Ni ma na yi dariyar, amma fushina bai tafi ba, kuma ba na so ya tafi. Dabarar tsoho ta yi daɗi, sai dai ba ta wanke wanda ya tilasta masa yin sa hannu a ɓoye a kan abin da yake nasa ba. Mutum ya ba gari ƙarfinsa da idonsa, a ce sunansa bai cancanci gindin leda ba? Tir da wannan hali, a wurin Balarabe yake ko a wurin Bahaushe, don mu ma muna da masu yin sa a gida.

Baba Saidou, mun gode. Mun gode da buhun da ka ɗauka ranar da kowa ya kulle ƙofa. Mun gode da tsawar da ka yi mana ranar da muka so mu mayar da kai irinsu. Kai ne ka nuna mana ana iya ƙwace wa mutum suna a kasa ƙwace masa hali. Jirginka zai sauka ana tsakiyar yankan gero, in Allah ya so. Allah ya sa idon nan ya ga dami a tsaye, jikoki su gasa maka tumu na gaske, ka ci kana yi musu faɗa.

Ku kuma 'yan'uwa da ke aiki a garin nan, a gini kuke ko a kicin ko a bayan sitiyari, ku yi koyi da shi: ku gyara aikinku ko an hana ku yabo, kada ku huce haushin babba a kan ƙarami. Amma kada ku yi koyi da shirunmu. Wanda ya san mai aiki ya faɗi sunansa tun yana raye yana ji.

Duk wanda hanya ta kai shi Dir'iyya, ya shiga shagon ya saya, burodin na da kyau, Baba bai rage komai ba. Ka cire shi daga ledar ka dubi fuskarsa. Idan yaron shago ya fara ba ka labarin kaka, ka bar shi ya gama, sannan ka ce masa: kakar nan mun san ta, gemu gare ta, sunanta Saidou, tana Tibiri.